Juyen man giya da na difaransha a gida: mai ɗaya zai yi wa duka biyun?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da a-kori-kura mai giyar hannu, mai ja da ƙafafun baya. Ta ci kilomita 140,000, kuma tun da na saye ta juyen baƙin mai kawai nake mata. Kwanan nan in na tashe ta da safe, giya ta biyu sai da ƙyar take shiga. Ina so in canza man giya da na difaransha da kaina a gida. Zan iya? Kuma in na sayi galan ɗaya na man giya, zai yi wa duka biyun?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Za ka iya. Aikin bai fi juyen baƙin mai wuya ba, sai dai ya fi shi ƙazanta da wari. Amma maganar galan ɗaya, dakata tukuna, don a nan ne yawancin masu yin aikin da kansu suke tafka kuskure.

Duba jikin robar man, za ka ga rubutu iri biyu. Na farko lambar kauri ce, kamar 75W-90 ko 80W-90. Na biyu kuma GL-4 ko GL-5. Mutane da dama suna ɗauka biyar ta fi huɗu kyau tunda ta fi ta yawa. Ba haka ba ne, kowanne da aikinsa. Haƙoran da ke cikin difaranshar baya, wato akwatin da ke raba juyi ga tayoyin baya biyu, ba haɗuwa kawai suke yi ba, gogar juna suke yi ƙarƙashin nauyi mai yawa, shi ya sa suke bukatar GL-5, wanda aka cika masa sinadaran farar wuta da fosforas don ƙarfe kada ya ci ƙarfe. Wannan farar wutar ce ke ba man warin nan kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda in ya taɓa riga sai dai ta zama ta aiki.

Cikin akwatin giya kuwa akwai wasu zobba, galibi na tagulla, da ake kira sinkiro. Duk sanda ka taka kuloci ka tura sandar giya, zoben ne ke fara kama giyar da kake nema, ya daidaita gudunta da na shaf, sannan haƙora su shige ba ƙara. Da gogayya yake wannan aiki. In ka zuba masa man da ya cika santsi, sai ya riƙa zamewa, giya ta riƙa ƙara tana ƙin shiga. Wasu nau'o'in GL-5 ma suna cin tagulla sannu a hankali in zafi ya yi yawa. Shi ya sa akwatunan giya da yawa GL-4 ake rubuta musu. Akwai waɗanda kamfani ya yarda a sa musu GL-5, akwai ma na hannu da jan man giyar atomatik suke sha, wasu kuma kamar Honda suna da nasu man na musamman. Littafin motarka ne alƙali, ba mai sayar da mai ba. In littafin ya ce duka biyun GL-5 ne mai kauri ɗaya, to mai iri ɗaya zai yi wa duka biyun. In bai ce ba, sayi biyu. Ka kuma duba ko difaransharka irin mai hana taya ɗaya zamewa ce, wadda ake rubuta wa LSD, don wadda ke da faifan kuloci a cikinta tana son mai na daban, in ba haka ba za ka ji tana kakkarwa a kwana.

Yawan man: akwatin giya yakan ci lita 2 zuwa 3, difaransha lita 1 zuwa 3, gwargwadon girman mota. Sayi da ɗan rara.

Ranar aiki, fara zagayawa da motar kamar minti 10 ko 15 don man ya yi ɗumi ya saki jiki. Sai ka ajiye ta a daɓe mai ƙarfi, wuri shimfiɗaɗɗe, ka ja birkin hannu, ka sa wa tayoyi waigi. A-kori-kura sau da yawa tana da tsayin da za ka shiga ƙarƙashinta ba sai an ɗaga ba, wanda ya fi. In dole sai ka ɗaga, ɗaga gaba da baya daidai, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka. Kada ka kuskura ka kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da na minti ɗaya ne. Daidaituwar kuma ba don tsaro kaɗai ba ce: da bakin ramin zubawa ake auna cikar man, in motar ta karkata awonka ya ɓaci.

Noti biyu za ka nema a kowanne: na zubawa a gefe, wajen tsakiyar jiki, da na juyewa a can ƙasa. Goge kewayensu da burushi kafin ka taɓa. Sannan ka fara kwance na zubawa, na sama. Kullum shi ne farko. Na taɓa ganin wanda ya juye man tas, yana murna, ya zo kan notin sama ya tarar ya cije, kansa ma ya murje. Mota ba mai, ba hanyar zuba mai, ba halin tuƙa ta zuwa gareji. In na sama ya ƙi kwantuwa alhali man yana ciki, ka ga ba abin da ka rasa. Ka kuma tabbatar notin da ka kama shi ne na zubawa, don a gefen wasu akwatunan giya akwai notin da ke riƙe da shaf ɗin giyar ribas. In ka zare shi, abu ya faɗa ciki, sai an sauke akwatin gaba ɗaya. Sifanar ma ta zama daidai da kan notin, ta zauna har gindi kafin ka sa ƙarfi.

Da ka buɗe na sama, zura ɗan yatsa. In ka taɓo mai a bakin ramin, a cike yake. In ka zura har gaɓa biyu ba ka taɓo komai ba, akwai inda yake yoyo, sai ka duba sil, wato robar da ke hana mai fita, a wajen farfela, sandar da ke kai juyi daga giya zuwa difaransha.

Yanzu tara roba ka kwance na ƙasa. Kada ka yi gaggawar goge notin, karanta shi tukuna. Yawanci akwai maganaɗisu a kansa. Baƙin taɓo mai laushi kamar kwalli da aka kwaɓa, wannan cin yau da kullum ne, ba komai. Ɓarɓashin da za ka ji yana sukar yatsa, ko gutsuren ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa, wannan haƙori ne ko boris ke ɓarewa, sabon mai ba zai gyara shi ba. Tagulla ba ta bin maganaɗisu, saboda haka ɗauki robar ka fita da ita rana: in man yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinariya, zobban sinkiro ne ke cinyewa. In kuwa ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga, galibi ta ɗan bututun numfashi da ke saman difaransha lokacin da aka ratsa ruwa mai zurfi.

Bar shi ya tsiyaye har ya koma ɗigo. Mai da notin da sabuwar wosha, ka fara ɗaura shi da hannu don kada ya hau a karkace, sannan ka ƙarasa da sifana mai awon ƙarfi zuwa lambar da littafi ya faɗa. Jikin akwatin giya sau da yawa alminiyam ne, in ka matse da ƙarfin tuwo zaren ramin ne zai tafi, ba notin ba.

Zubawar ce ke cin rai, don ba wurin karkata roba. Ƙaramin famfon hannu ko babban sirinji mai tiyo shi ne mafita. Yi ta turawa a hankali har mai ya fara dawowa ta bakin ramin, ka jira ya daina zuba, ka rufe. Kada ka yi dabarar cusa ƙari. In ya yi yawa kumfa yake yi, ya nemi hanyar fita ta sil. Haka za ka yi wa difaransha. In taka ba ta da notin ƙasa, ko dai ka zuƙe tsohon ta ramin sama, ko ka cire murfin baya ka sa sabon gasket. Tsohon man kuma ka ɗura shi a galan ka kai inda ake karɓa, kada ya shiga ƙasa ko magudanar ruwa.

Kamfanoni da yawa suna sa wannan juye tsakanin kilomita 50,000 da 100,000, ka ga taka ta daɗe da wuce lokaci. Game da giya ta biyu, ba ta mako ɗaya ko biyu bayan juyen. In tsufan mai ne ko kaurinsa, za ka ji ta sassauta, musamman in littafinka ya yarda da 75W, wanda ya fi 80W sakin jiki da sanyin safiya. In har injin ya yi zafi tana nan tana ƙara, duba kuloci ko yana saki sosai. In kuloci lafiya lau ne, kuma ka ga wancan ƙyallin zinariyar a roba, to zoben giya ta biyu ne ya ƙare, wannan kuwa sai bakanike ya buɗe akwatin.