Ciwon ciki mai tsanani bayan cire mahaifa

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce an cire miki mahaifa, ga ciwon ciki ya hana ki sakat.

A kwanakin farko, iska da taurin bayan gida kan jawo murɗa, kuma da an zaga sai ta lafa. Wanda ke tayar min da hankali shi ne ciwon da kullum ƙaruwa yake. Wataƙila ƙwayoyin cuta sun shiga ɗinkin, ko jini ya taru a ciki, ko an taɓa mafitsara ko bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda, don dab suke da mahaifa. Ɗinkin da aka yi can cikin farji, inda aka raba shi da mahaifa, shi ma yakan ɓalle, musamman in an kusanci maigida kafin mako 6. In an yi watanni kuwa, tabon ciki kan manne hanji har ya toshe.

In akwai zazzaɓi, amai, kumburin ciki, zubar jini, ruwa mai wari ko yoyon fitsari, don Allah kada ki tsaya kemis. Ki koma asibiti yau, a yi miki hoton ciki da gwajin jini.