Wace Na'urar Hangen Taurari Zan Fara Da Ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son sayen na'urar hangen taurari mai madubi. Na ga wata mai araha, an rubuta 525x a kwalinta, wai tana ƙara girman abu ninki 525, faɗin madubinta milimita 76. Akwai kuma mai milimita 130, amma ta fi tsada. Wacce zan ɗauka?
Wani malamin makaranta, Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗauki mai 130, kada lambar kwali ta ruɗe ka. Aikin madubi tara haske ne, kuma mai 130 na tara kusan ninki uku na abin da mai 76 ke tarawa. Iyakar ƙarin girman da madubi zai iya bayarwa tas ita ce faɗinsa a milimita sau biyu. Ke nan mai 76 ba ta wuce 150 ba. Ka tura ta 525, dishi-dishi kawai za ka gani.

Ƙarin girma daga gilashin leƙe, wato inda ake sa ido, yake fitowa. Raba tsawon tafiyar haske na na'urar, wato nisan da ke tsakanin madubi da inda haske ke taruwa a milimita, da lambar da ke jikin gilashin. Idan 650 ne, gilashi mai lamba 25 zai ba ka ninki 26, mai lamba 10 kuma ninki 65. Da na farkon ake lalubo abu, sannan a canza. Da ninki 65 za ka ga ramukan wata, manyan watannin duniyar Mushtari huɗu, da zoben duniyar Zuhal, ƙarami amma a fili.

Mazauni fa, nan masu farawa ke yawan yin asara. Siraran ƙafafu uku na rawa da zarar ka taɓa bututun, tauraro ya yi ta tsalle. Nemi mazaunin Dobson, akwatin katako mai juyawa da hannu. Ka tabbata kuma an rubuta "parabolic" a bayanin madubin, wato siffar madubi mai tara haske wuri guda. Gajeren bututu da aka ce tsawon haskensa 1000 ne, bar shi: an cusa masa ƙarin gilashi a ciki, daidaita shi wahala ce.

Madubai biyu ne a ciki, kuma jijjigar mota na gusar da su. In tauraro ya fito da jela, a saita su da sukurorin da ke bayan kowane madubi. Fitar da na'urar waje kamar rabin awa kafin ka fara, madubin ya huce. Rana kuwa, kada ka kuskura ka leƙa ta, nan take ido ke ƙonewa. A ja wa yara kunne.

Tambaya: Ƙurar hunturu ta kwanta a madubina. In goge da tsumma?
Wata ɗaliba, Maraɗi

Amsa: A'a, ƙanwata. Siririn rufin alminiyom ne a saman madubin, tsumma zai karce shi. Ƙura kaɗan ba ta hana gani. In ta yi yawa, ki ciro madubin, ki ɗauraye da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗigon sabulun ruwa, ki ƙarasa da ruwan batir marar asid, ki jingine shi ya bushe da kansa. Ki riƙa rufe bakin bututun da gindinsa duk lokacin da kika gama.