Amsa ga Hajiyar da 'yarta za ta yi karatun jami'a daga gida

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na ga tambayarki cewa 'yarki ta samu gurbi a NOUN, jami'ar karatu daga gida, kina fargabar za ta ƙare a ɗaki ita da waya, ba ƙawaye ba ƙungiya. Kin kuma ce an turo mata imel ana gayyatarta shiga wata ƙungiyar karrama haziƙan ɗalibai, amma sai ta biya daloli. A NOUN na yi digirina, ina aiki ina rainon yara, don haka zan faɗa miki abin da idona ya gani.

Fargabarki tana kan hanya. A jami'ar da ake zama, ɗakin kwana da ajin lacca da masallaci su ke haɗa yara ko ba su so. A nan babu mai haɗa ki da kowa, littattafan ma a waya ake sauke su. Yarinyar da ta zauna jiran zumunci ya ƙwanƙwasa mata ƙofa za ta iya kai ajin ƙarshe ba ta san sunan mutum biyar a sashensu ba. Na ga irinsu, kuma yawanci su ne suke ajiye karatun a tsakiya, alhali suna da ƙwaƙwalwa. Kaɗaici ne yake cinye su.

Sai dai makarantar ba a iska take ba. Kowane ɗalibi yana da cibiyar karatu da ya yi rajista da ita, kuma akwai su a kowace jiha. Tamu ta Kano tana Sauna, wajen Dakata. A can ake tantance takardu, a can ake rubuta jarrabawa. To ranakun nan su ne kasuwarta. Ta je da wuri, ta gaisa da matan da ke kan layi, ta tambayi waɗanda suke kwas ɗaya, ta karɓi lamba. Duk ƙawayen da na yi, a irin wannan layin na same su.

Abin da ya riƙe ni har na gama shi ne 'yar ƙaramar ƙungiyar bita da muka kafa, mu mata kaɗan. Kowane kwas yana da aikin gida da ake ba wa maki, wanda ake kira TMA, mai maki 30, jarrabawa kuma 70, saboda haka kullum akwai abin da zai tara mu. Muna haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar a gidan ɗayarmu, kowa ta zo da babin da aka ɗora mata ta koyar da sauran. Akwai malamar firamare a cikinmu, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai wadda ta haife ni a shekaru. Daga karatu abin ya koma adashe, ya koma zuwa suna da gaisuwar rasuwa. Lokacin da na haihu gab da jarrabawa, su suka riƙa zuwa suna karanta min ina shayarwa. Har yau ina yi musu addu'a.

Ki ja mata kunne game da manyan guruf-guruf na WhatsApp da Telegram masu ɗaruruwan mutane. Suna da amfani wajen jin sanarwa, amma cike suke da masu sayar da amsoshin TMA da masu cewa a turo kuɗi su yi wa mutum rajista. Kada ta ba kowa lambar sirrin shafinta. Wadda ta saba sayen amsa, ranar jarrabawa ita kaɗai za ta zauna gaban takarda.

Kuma ba dole ƙungiya ta kasance ta makaranta ba. MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1954, tana da rassa a gari, ba a harabar jami'o'i kaɗai ba, kuma tana da ɓangaren mata. Idan tana son rubutu, ƙungiyar marubuta ta ANA tana da rassa a jihohi, ana zama a karanta abin da mutum ya rubuta a yi masa gyara. Akwai masu rubuta Wikipedia ta Hausa, suna koyar da sababbi kyauta, kuma aikin da waya ma ana yinsa. Akwai Red Cross ga mai son aikin agaji. Ta zaɓi ɗaya ta riƙe da gaske, ya fi ta rubuta suna a biyar.

Yanzu batun imel ɗin. Ƙungiyoyin karrama haziƙai al'adar makarantun Amurka ce. Mafi tsufa a cikinsu, Phi Beta Kappa, an kafa ta a 1776. Ta 'yan sakandare, National Honor Society, ta fara a 1921, kuma ita abu huɗu take dubawa: ƙoƙari a karatu, hidima ga jama'a, jagoranci da kyawun hali. Irin waɗannan ta hannun reshen da ke makarantar ɗalibi suke zaɓe, bayan an ga sakamakonsa. Wasu na gaskiyar ma suna karɓar kuɗin shiga, don haka biyan kuɗi kaɗai ba shi ke nuna damfara ba. Abin dubawa shi ne wannan: 'yarki ko zango ɗaya ba ta yi ba, ba ta da maki ko ɗaya a rubuce. Hazaƙar me suka gani har suke karrama ta? Ni ma irin wannan saƙon ya sha shigo min, kuma da na bincika sai na tarar har wadda ta faɗi kwas biyu a cikinmu an turo wa. 'Yarki ta kai imel ɗin cibiyarsu ta nuna wa jami'in ba ɗalibai shawara. Idan makarantar ba ta san da su ba, ta goge. Kada kuma ta sa lambar katin banki a shafinsu.

A tsarinmu na Najeriya, karramawar da ake gani ita ce darajar digirin kansa. Wanda ya kai maki 4.50 cikin 5.00 ya fita da daraja ta ɗaya, kuma ranar yaye ɗalibai ana kiran zakaru a ba su kyauta. Da na je neman canjin aiki, ba wanda ya tambaye ni takardar wata ƙungiyar waje. Sakamakona aka duba, sai aka tambaye ni abin da na taɓa jagoranta, na ba su labarin ajin yamma da muka buɗe wa 'yan matan unguwa masu shirin WAEC.

Ke ma akwai naki, Hajiya. Da yawa daga cikin iyaye da zarar sun ji "karatu daga gida" sai su ɗauka yarinya ba ta da dalilin fita, a jibga mata girki da raino. Ki ware mata lokacin karatu da kowa a gidan zai girmama, ki ba ta kuɗin mota da na data, ki bar ta ta je bita. Idan hankalinki bai kwanta da gidajen mutane ba, ki buɗe musu falonki su riƙa haɗuwa a nan, kin ga kin san da wa take hulɗa. Idan a Kano kuke, ki yi min magana ta akwatin sirri in haɗa ta da wata ƙanwata da ke aji biyu yanzu. Allah Ya ba ta sa'a, Ya sa albarka a karatun.