Da gaske aljanu ne suka sassaƙa kogon Staffa?

Tambaya: Malam, ina karatu a Gilasgo. Abokaina sun shirya zuwa tsibirin Staffa da ke yammacin Sukotland a watan Yuni, sai Hajiyarmu ta turo min wani bidiyo ta WhatsApp, wai aljanu ne suka sassaƙa kogon da ke can, har ana jin kiɗansu. Hankalinta ya tashi. In je ko in haƙura?

Amsa: Ƙanena, ka je, amma ka fara kwantar wa Hajiya hankali. Masu haɗa irin wannan bidiyo ba su taɓa taka kwalekwale ba. Ginshiƙan dutse masu kusurwa shida da ke jikin kogon aman wuta ne da ya huce a hankali, shekara kusan miliyan 60 da suka wuce, ya tsattsage kamar taɓon fadama da rani. Kiɗan kuwa amon igiyar ruwa ne a cikin kogon, wanda ake kira kogon Fingal. Su ma mutanen yankin suna da tatsuniyarsu, ta wani ƙato mai suna Fiyon na Ayaland da ya shimfiɗa gadar dutse zuwa Sukotland.

Abin da ke ba ni tsoro daban ne, kuma na gaji da faɗinsa. Mutum ya ga tsuntsun fafin, mai baki kala-kala kamar na aku, ya sauka dab da ƙafarsa, sai ya ce ai sun saba da mutane, ya bi shi da waya har gefen tsibirin. Wane sabo? Fakewa suke yi da kai, don shahon teku da ke farautarsu ba ya kusantar inda mutane suke. A rami suke yin ƙwai, guda ɗaya tal a shekara, kuma ramukan suna ƙarƙashin ciyawar da kake takawa a bakin gangaren. Ƙasar wurin duk rarake take. Ta rufta, ka kashe ɗan tsako, kai kuma dutse da teku ne a ƙasanka. Tsibirin nan hekta 33 ne kacal, ba kowa a kai, ba asibiti, ba ko rumfar fakewa. Ka zauna nesa da gefe, su da kansu za su zo. Mataccen tsuntsu kuma kada ka taɓa, murar tsuntsaye ta yi ɓarna a tsibiran Sukotland a 2022.

Hanyar shiga kogon tana da santsi, ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka riƙe ƙarfen da aka kafa. In matuƙin jirgi ya ce yau ba a sauka, kada ka yi masa gardamar kuɗin tikiti.