Alamar mutuwar ƙwan fitila na kamawa alhali fitilu na ci

Malam, ka ce alamar tana kamawa a Volvo 240 ɗinka, ga fitilu kuma duk suna ci.

Na'urar da ke kunna alamar ba haske take gani ba, wutar da ƙwan hagu da na dama ke ja take gwadawa. An naɗe wayoyinsu saɓanin juna a kan ɗan makunni mai aiki da maganaɗisu. In sun ja daidai, makunnin ba ya motsi. Ɗaya ya gaza, sai ya haɗe, alama ta kama.

Duba ƙwayayen: birki 21W, na baya 5W, hagu da dama iri ɗaya. Ƙwan LED kan ruɗa na'urar. Ƙurar Sakkwato da tsatsa a mazaunin ƙwan ma haka, goge su. In ta ƙi, kai wa rewaya, amma kar ka yarda ya yanke wayar alamar.