Tambaya da Amsa: Me Ke Kwantar da Saniya Bayan Haihuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon shanun madara. Saniyata mafi yawan nono ta kwanta washegarin haihuwarta ta huɗu, kunnuwa sun yi sanyi, ta lanƙwasa wuya zuwa kwiɓi, ta daina tuƙa. Likita ya ce ƙarancin kalsiyam ne, alhali tun tana da ciki nake ƙara mata shi a abinci. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙarin da kake yi kafin haihuwar yana cikin abin da ya jawo ciwon. Kowace lita ta dakashi tana ɗauke da kalsiyam sama da giram 2, don haka lita 10 za ta janye fiye da giram 20, alhali abin da ke yawo a jinin saniya bai wuce kamar giram 3 ba. Dole ta ciro sauran daga ƙashi da hanji, kuma wani sinadari da ke fitowa daga ƙananan ƙullutai a wuyanta, tare da bitamin D, shi ke buɗe wannan hanya. Idan kalsiyam ya wadata a abinci kafin haihuwa, hanyar sai ta yi sanyi, kuma farfaɗowarta kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu. A wannan tsakanin saniya ke faɗuwa.

Gyaran yana cikin kwana 21 na ƙarshen ciki. Babban abokin gaba a nan fotasiyam ne, wani ma'adini da ke cikin abincin dabbobi, domin yana hana ƙashi da ƙoda amsa kiran wancan sinadari. Ka rage harawa da alfalfa da ɗanyar ciyawar da ta sha taki, domin suna da fotasiyam da yawa, ka janye kanwa, ka ƙara tattaka da silejin masara (ɗanyar masarar da aka daddatsa aka adana ta yi tsami). Ka tabbatar ma'adinin magnisiyam ya kai kashi 0.4 cikin 100 na busasshen abinci. Wannan ne masu kiwo suka fi mantawa, kuma in babu shi sauran ƙoƙarin ba ya tasiri. Fosfaras ma kada ya yi yawa.

Akwai gishirin da ke ɗan tsamama jini don rage illar fotasiyam, irin su magnisiyam salfet da amoniyam kulorayid. Suna aiki, amma suna da ɗaci, sai an cuɗa su sosai a abinci, in ba haka ba saniya ta rage ci. A auna fitsari da takardar gwaji bayan kwana uku zuwa huɗu: ga shanu irin Holstein ana son ma'aunin tsami (pH) ya kasance 6.0 zuwa 6.5. Idan ya sauka ƙasa da 5.5, an wuce gona da iri, a rage.

Da ta haihu, lamarin ya juya. A ba ta ƙwayar kalsiyam ta baki mai giram 40 zuwa 50, a maimaita bayan awa 12, musamman mai haihuwa ta uku zuwa sama, da saniya irin Jersey, da wadda ta yi ƙiba.

Tambaya: Idan ta riga ta kwanta, zan iya yi mata ɗura?

Amsa: A'a. Maƙogwaronta ya yi rauni, ruwan zai iya shiga huhu. Ka tokare ta da damin ciyawa ta zauna a kan ƙirji don kada ciki ya kumbura, ka kira likitan dabbobi nan take. Zai sa mata kalsiyam ta jijiya a hankali, cikin minti 10 zuwa 20, yana sauraren zuciya, domin gaggawa na iya tsayar da ita.