Tambayoyinku: Da gaske Jackie Chan ne ke dirowa daga bene?

Tambaya: Salam Malam, ni fa a fim ɗin faɗa ba ni da gwani kamar Jackie Chan, amma abokina ya ce duk tsalle-tsallen nan aikin kwamfuta ne, wai haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin naka bai san Jackie ba, yawancin kasadar nan da kansa yake yi, tun yana yaro a Hong Kong ya shekara 10 yana koyon alkafura da faɗa. A 1986 ma wurin ɗaukar fim a Yugoslabiya ya faɗo daga bishiya ƙoƙon kansa ya tsage sai da aka yi masa tiyata. In fim ya ƙare kar ka yi saurin kashewa, a ƙarshe suna nuna inda ya ji ciwo. Yanzu kam girma ya zo, haihuwar 1954 ne fa.